Yadda Ake Kafa Gasar 'Yan Biyar-Biyar

Tambaya: Malam, mu matasa ne a Gwarinpa, Abuja, muna son kafa gasar ƙwallon 'yan biyar-biyar. Ta ina za mu fara?

Amsa: Ɗan'uwa, ku rubuta dokoki kafin a taɓa ƙwallo, musamman kan kuɗin hayar fili, domin rigimar da na fi gani a bakin fili daga nan take tasowa, lokacin da aka kunna fitilu amma rabin 'yan wasa ba su biya ba. Idan ƙungiyoyi 6 ne, kowace ta kara da kowace sau ɗaya, wasanni 15 ke nan, makonni 5 idan ana buga uku kowace Asabar. A ƙa'idar futsal, wato wani nau'in ƙwallon 'yan biyar-biyar, babu satar gida. Ku ɗauki alƙalin wasa daga wata unguwa, ku biya shi.