Ganin kamfani a Alibaba bai sa Alibaba ta tsaya masa ba

Tambaya: Barista, ina sayar da kayan sola a Sabon Gari, Kano. Na ga wani kamfanin China a Alibaba mai alamar tantancewa, muka koma WhatsApp muka gama cinikin batura. Na tura kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami zuwa wani asusu a Hong Kong. Ranar lodi ta wuce, sai cewa suke in cika ragowar kuɗin. Tunda a Alibaba na same su, ba ita ce za ta biya ni ba? Zan iya maka ta a kotu a nan?

Amsa: Alhaji, Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Ban ga takardunka ba, saboda haka bisa bayaninka kawai zan yi magana.

Da wuya ka samu hanyar kama Alibaba. Cinikinka tsakaninka ne da kamfanin, ita matsayinta kamar na mai kasuwa ne da ya ba da hayar rumfa. Alamar Gold Supplier kuɗi ake biya a same ta. Ta Verified kuwa tana nufin wani kamfanin bincike, kamar SGS ko TÜV, ya taɓa duba su a wani lokaci. Wannan na iya nuna suna nan, amma bai ce za su cika maka alkawari ba. Kariyar da kake tunani ita ce Trade Assurance, tsarin Alibaba na kare kuɗin mai saye, kuma sai wanda ya yi oda ya biya ta cikin shafin take ba wa kariya. Kai ka fita waje ka biya. Mai sayarwar da ya ja ka WhatsApp ya san wannan sarai, kuma ban ji daɗin hakan daga gare shi ba.

Kafin maganar shari'a, ka san da wa kake ciniki. Ka nemi hoton lasisin kasuwancinsu. Yana ɗauke da lamba mai gurbi 18 da sunan kamfanin cikin rubutun Sinanci, kuma wannan sunan ne hukuma ta sani, ba na Turancin da ke shafin ba. Ka sa wanda ya iya yaren, ko cikin 'yan uwanmu da ke Guangzhou ko Yiwu, ya duba shi a rajistar kamfanoni ta gwamnatin China, gsxt.gov.cn: yaushe aka kafa shi, me aka ba shi izinin yi, yana raye ko an soke shi. Sannan ka gwada sunan da na takardar farashin da suka aiko da na asusun da ka tura wa kuɗi. Asusu a Hong Kong shi kaɗai ba hujjar damfara ba ne, kamfanoni da dama suna da reshe a can. Amma in sunayen sun saɓa, ka nemi wasiƙa mai jan hatimin kamfanin da ke tabbatar da sun karɓi kuɗinka. Ka kuma tuntuɓe su ta cikin Alibaba, domin yana yiwuwa wani ne ya ari sunansu. In haka ta tabbata, ka garzaya bankinka nan take.

Kada ka yi gaggawar cika kuɗin, amma kada ka ce ka fasa kai tsaye. In yarjejeniyarku ta ce a biya kafin lodi, suna iya juya laifin kanka. Ka rubuta musu cewa a shirye kake ka biya ta Trade Assurance ko ta wasiƙar lamunin banki, bayan mai bincike ya ga baturan ya ƙirga su. Form M (takardar shigo da kaya da ake cikawa ta banki) da SONCAP (shaidar ingancin kaya ta hukumar SON) dai na ɗauka ka riga ka tanada.

Batun kotu, ko ka yi nasara a Kano, zartar da hukuncin a China aiki ne ja. Hukuncin kwamitin sasanci, irin na CIETAC, cibiyar sasanta rikicin ciniki ta China, ya fi sauƙin zartarwa, domin Najeriya da China duk suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958 kan zartar da irin wannan hukunci, amma sai in kun amince da hakan a rubuce. In dokar China ce ta hau cinikin, wa'adin shigar da ƙara shekara 4 ne, sai dai kuɗin shari'ar na iya cinye abin da kake nema. Ni da zan ba ka shawara, lauya a can ya aika musu wasiƙar gargaɗi da Sinanci, ku daidaita a kan sabuwar ranar lodi ko mayar da kuɗi. Ka adana duk hirarku da shaidar biya, ka kai wa lauyanka kafin ka sake tura ko sisi.