Hukuncin shan tramadol don ƙarfin aiki

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni matuƙin pragya ne, wato babur mai ƙafa uku na haya, a Aboabo, nan Kumasi. Likita ne ya fara rubuta mini tramadol saboda ciwon baya. Ciwon ya warke amma na kasa dainawa, yanzu kullum sai na haɗiyi mai miligiram 225 guda biyu kafin in iya fita. Ba na maye, aiki kawai nake yi. Haramun ne? Kuma sallata ta yi idan ƙwayar tana aljihuna?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, shan da ka yi na farko bisa takardar likita halal ne. Wanda kake yi yanzu haramun ne.

Malaman Malikiyya, irin su Imam Ƙarafi, sun kasa abin da ke taɓa hankali gida 3: mai sa maye tare da nishaɗi kamar giya, mai gurɓata hankali ba tare da ya kashe ji da gani ba, da mai sumarwa gaba ɗaya. Na biyu da na uku ba najasa ba ne, kuma sun halatta don magani gwargwadon buƙata. Da wannan ne suka yarda a sumar da mutum in za a yanke masa gaɓa. Tramadol dangin mofin ne, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, yana cikin kashi na biyu, saboda haka hukuncinsa yana bin dalilin sha da yawan abin da aka sha.

To, mu duba yawan. Likita yakan ba babba miligiram 50 zuwa 100 duk bayan awa 4 zuwa 6, ba a wuce 400 a yini da dare. Hukumar abinci da magunguna ta Gana mai 50 da mai 100 kaɗai ta amince da su, duk mai 120, 225 ko 250 ta bayan fage ya shigo. Kai kuwa 450 kake zubawa lokaci guda. Kuma wasu ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan "Red" ba tramadol ba ne ma, tapentadol ne haɗe da carisoprodol, mai saki jiki ya ƙara danne numfashi.

Ƙarfin nan da kake ji ga asalinsa. Hanta tana juya wani sashe na maganin zuwa sinadarin da ke kama inda mofin yake kamawa a ƙwaƙwalwa, sai raɗaɗi ya lafa. Sauran kuma yana sa sinadaran serotonin da noradrenalin su taru tsakanin jijiyoyi, sai mutum ya ji garau. Gajiyar tana nan, saƙonta ne aka toshe. Wannan taruwar tana cikin abin da ke jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, musamman in an haura 400. Kana tsakiyar titin Asawase da mata da yara a baya ta kama ka, ran wa ka sa a haɗari? Allah ya ce a Baƙara aya ta 195 kada mu jefa kanmu cikin halaka, Annabi (SAW) kuma ya ce ba cuta ba cutarwa. Don haka cewarka "ba na maye" ba ta fid da kai ba. Jiki ne ya saba, shi ya sa ƙwaya ɗaya ta daina isarka. Mai sayar maka ba tare da takardar likita ba shi ma yana da kamasho a zunubin, kuɗin kuma haramun ne.

Sallarka da ƙwaya a aljihu ta yi, tunda ba najasa ba ce. Amma in ta gusar maka da hankali alwala ta warware, kuma ba ka salla sai ka san abin da kake faɗa.

Tuba ba ta nufin ka yanke yau-yau. Wanda ya kai matakinka in ya tsaya farat ɗaya, cikin yini guda gumi, zawo, hamma, majina, ciwon gaɓoɓi, fargaba da rashin barci za su taso masa, da yawa a nan suke komawa ruwa. Ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye, ka gaya wa likita gaskiyar adadin da kake sha, ya tsara maka ragewa mataki-mataki. Abin da ka sha a cikin wannan tsarin magani ne, babu laifi a kanka. Kafin nan ka ajiye tuƙi duk ranar da ka sha, kada ka haɗa shi da giya ko ƙwayar barci ta diazepam, don numfashi na iya tsayawa, haka ma magungunan ciwon damuwa amitriptyline da fluoxetine, masu ƙara haɗarin jijjiga da zazzaɓi mai tsanani. Ka kuma sanar da mutanen gidanka cewa in jijjiga ta zo su kwantar da kai ta gefe, kada su cusa maka cokali ko ruwa a baki, su kira lambar gaggawa ta 112.

Allah ne mafi sani.