Tambaya da Amsa: Takardar Amsa Laifi da Aka Karɓa da Duka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ana tuhumar ƙanena da fashi da makami. Ya ce sai da aka lakaɗa masa duka a caji ofis kafin ya dangwala yatsa a takardar amsa laifi. Za mu iya roƙon kotu ta yi watsi da ita tun kafin a fara shari'a?
Mai karatu daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam. A Amurka haka ake yi, lauya kan shigar da buƙatar tun kafin zama. A Nijeriya kuwa lokacinta shi ne daidai sa'ad da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ga alƙali. Nan take lauyan ƙaninka zai miƙe ya ce bai yarda ba. In ya yi shiru har aka karɓe ta, an yi sake, da wuya a gyara a ɗaukaka ƙara.

Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar amsa laifin da aka samu ta azabtarwa. Alƙali zai dakatar da babbar shari'ar ya buɗe wata ƙarama a cikinta, kuma masu gabatar da ƙara ne za su tabbatar, ba tare da shakka ba, cewa da son ransa ya faɗa.

Ga inda ake yawan zamewa. "An tilasta ni" daban, "ban faɗa ba" daban. Wanda ya ce yatsan ba nasa ba ne, ba a buɗe masa wannan ƙaramar shari'a. Za a karɓi takardar, sai wajen hukunci a auna nauyinta. Don haka ya gaya wa lauyansa ainihin abin da ya faru, ba abin da abokan zama a gidan yari suka koya masa ba.

Ku nemo katin asibiti da hoton tabo tun da wuri. Lauya ya tambayi ɗan sandan: akwai lauya ko wani na kusa a wurin? An ɗauki bidiyo? Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi tanadin waɗannan a sashe na 15 da na 17, jihohi ma suna da tasu.

In da Hausa ya yi bayani, tafinta ya juya wa mai rubutu da Turanci, dole tafintan ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta, wato abin da kotu ba ta karɓa a matsayin shaida.