Ga ƙanenmu da ya bar taba, tumbi ya fito

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya: wata huɗu ke nan da ka bar taba, tumbi ya fito, an auna sukarinka an ce ya ɗan haura, sai kuma wani ya ce maka gudu yana ƙara sinadarin damuwa, shi ne kake tambaya ko zama ya fi.

Mutumin bai yi ƙarya ba, rabin zance ya ba ka. Sinadarin sunansa kotizol, yana da abokin tafiya adiranalin, kuma wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a kan ƙoda kamar hula ne ke fitar da su. In haɗari ya taso, su ke sa zuciya ta buga da sauri, hanta ta zuba sukari cikin jini don ka samu ƙarfin tsira. Ko lafiyayye kotizol ɗinsa yana tashi da safe bayan farkawa, ya sauka da dare. Gudu yana ɗaga shi, gaskiya ne, amma kana hutawa zai sauka, naman jikinka kuma ya riga ya cinye sukarin. Wanda ke ɓarna shi ne na zaune, wanda tunani ke ɗagawa kullum: sukari ya zubo, ba inda za a kai shi, sai kitse ya taru a ciki, hawan jini ya biyo baya.

Ni na ɗanɗana. A watan Agusta na 2019 da Najeriya ta rufe iyaka, kayana sun maƙale wajen Jibiya, masu bina bashi kuwa tun ban buɗe shago a babbar kasuwa ba suke sallama. Kwali guda da rabi nake zuƙa a rana, ga goro a kumatu, ga shayin fada har ƙarfe ɗayan dare, kowane zagaye da sukarinsa. Ina cewa taba ke kwantar mini da hankali. Ashe nikotin shi ma ɗaga kotizol yake, haka kafeyin da ke cikin goro da shayi. Sauƙin da kake ji bayan kara ɗaya, ƙishirwar da tabar ta haifar ce kawai ta kashe. Shi ya sa ranar da rai ya ɓaci ita ce ranar da mutum ke komawa, ka kiyayi wannan ranar.

Da na bari, abinci ya yi daɗi, na koma ƙosai da fanke. Awon sukarin safe kafin cin komai ya nuna giram 1.17 a litar jini, ma'aikaciyar lafiyar ta ce daga 1.26 ake kiransa ciwon sukari in an sake awo ya tabbata. Tsoro ya sa na yi wauta: na shiga ƙwallo da samarin unguwa da la'asar, cikin zafin Afrilu, da shekara 46 a kaina. Gwiwa ta kumbura, barci ya ƙi zuwa, kwaɗayin tabar ya fi na kullum. Sati biyu ina ɗingishi, yara na dariya.

Abin da ya yi mini aiki ba shi da wani armashi. Bayan sallar asuba in fito daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi in yi tafiya mai sauri, irin wadda za ka iya magana amma ba ka iya rera waƙa, minti 30, kwana biyar a mako. Minti 150 ke nan, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya. Bayan tuwon dare ma in zaga unguwa kaɗan. In kwaɗayi ya taso a shago, in bar wa yaro, in zaga layin 'yan atamfa in dawo, kafin nan ya lafa. Shayin dare ne ya fi ba ni wuya, har yau ina satar kofin farko, amma kafin magariba.

Mai fama da tramol kuwa, don na san akwai masu karantawa shiru, tafiya kaɗai ba ta isa ba, kada ka yanke shi dare ɗaya, ka ga likita.

Kai kuma ka koma awo bayan wata uku. In kana kusa da mu, mu huɗu ne ke fita, ƙarfe shida saura.