Tambaya da amsa: Bakin bargon haɗin ƙyalle ya ƙi kwanciya

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Daga Mabera nake rubuto miki, nan cikin Sakkwato. Na tara ragowar atamfa na haɗa bargo saboda sanyin bana. Na sa tsohon bargo mai laushi a tsakiya, na yi shafi da yadin auduga, na bi su da ɗinki har ukun suka kama juna. Tsawonsa inci 80, faɗinsa 60. Da na zo baki sai na naɗo shafin ta sama na take shi da keke. Ga shi bakin sai lanƙwasa yake yi, ya ƙi kwanciya, kusurwoyin kuma sun yi tudu har allura ta karye mini. Mi ya kamata in yi? In warware ne, ko akwai gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a hannu. Ki warware, amma bakin kawai, kada ki taɓa ɗinkin tsakiya. Aikin yamma ɗaya ne da reza, kuma ya fi ki riƙa kallon bakin yana ɓata miki rai duk sanyi.

Lanƙwasar nan tana da dalili. Keken ƙafa irin su Butterfly da muke da su a gidaje haƙoransa na ƙasa ne ke jan yadi, ƙafar da ke danne shi ta sama kuwa tura shi take yi gaba. A yadi mai falle biyu ba a ganin bambancin sosai. Amma a falle uku mai kauri, na ƙasa yana tafiya, na sama yana zamewa, ke kuma kina ja da hannu don ki taimaki keken. To nan bakin yake miƙewa ya fi tsakiyar bargon tsawo, kuma yadin da ya yi yawa ba shi da wurin zuwa sai ya lanƙwashe. Tudun kusurwa kuwa, ninki biyu na wannan gefe ne ya hau kan ninki biyu na wancan, ga bargon tsakiya a ƙarƙashinsu.

Naɗo shafi ta sama ba laifi ba ne, ana yi, yana da sauri kuma. Ni dai ba na ba da shawararsa ga abin da za a rufa da shi kullum. Baki shi ne ke fara mutuwa a kowane bargo: shi ake ja, shi ke gogar haɓa da ƙafa, shi ke shan man shafawa da ƙurar hunturu, shi ake murzawa wurin wanki. Idan shafin ne ya zama baki, falle ɗaya ne ke ɗaukar duk wannan wahala, kuma ranar da ya cinye, jikin bargon ne ya cinye. Idan kuwa ziri daban kika yanka kika ninka shi biyu kika kama bakin da shi, falle biyu ne a wurin, kuma in ya tsufa sai a cire shi a sa sabo, bargon na nan lafiya.

Bayan kin warware, kada ki yi gaggawar ɗaukar ziri. Yawancin bakin da ke lalacewa tun kafin a kama shi ya lalace. Ki ɗan yayyafa ruwa a inda ya miƙe, ki dafa dutsen guga a kai kina ɗagawa kina saukewa, ban da gogawa gaba da baya, don gogawar ƙara miƙa shi take yi. Sannan ki share siminti ko tayil ki shimfiɗa shi. Kan katifa ko tabarma awo ba ya faɗin gaskiya. Ki auna tsawon ta tsakiya, ki auna ta gefe biyu, ki gani ko sun zo ɗaya. Ki kuma auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta can ƙetare, ki maimaita da sauran biyun. In awon biyu ya yi daidai, bargon a miƙe yake. In bai yi ba, ki ja layi da alli da doguwar rula, ki yanke falle ukun tare a kan layin. Murfin littafi mai tauri ya isa ya nuna miki ko kusurwa ta tsaya daidai. Daga nan ki zagaye bakin da ɗinki mai faɗin taku, dab da baki, don ukun su zama abu guda kafin ziri ya hau.

Sai zirin. Ki zaɓi auduga zalla, mai duhun launi, domin fari ko ruwan ƙwai ba zai kai ƙarshen Janairu da haskensa ba a garin nan. Launi ɗaya da ya fito a cikin atamfofin ya fi kyau, saboda ido yana son wurin hutawa bayan yawan zane. Ki wanke yadin kafin ki yanka. Sabuwar auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, kuma in ta tsuke bayan an ɗinka sai ta tattare bakin. Wata atamfar kuma tana zuba, musamman ja da shuɗi masu araha; ki jiƙa ɗan guntu ki matse a farin ƙyalle ki gani. Yadi mai santsi na roba kada ki kula shi, ba ya riƙe ninki, kuma dutsen gawayi yana iya narkar da shi.

Ga lissafin naki. Inci 80 sau biyu da 60 sau biyu ya ba da 280. Ki ƙara 12 saboda kusurwoyi da haɗin ƙarshe, ya zama 292. Faɗin atamfa yakan kai inci 45 ko kusa da haka, amma in kin cire bakinta mai rubutun kamfani da abin da haɗi zai ci, ki ƙiyasta 40 a kowane ziri. Ke nan ziri 8, kowanne mai faɗin inci biyu da rabi, jimla inci 20. Rabin yadi inci 18 ne, ba zai isa ba, don haka in kin shiga Babbar Kasuwa ki karɓi yadi ɗaya, ragowar ki ajiye don gyaran gaba. Idan abin da ke tsakiyar yana da kauri sosai, kamar soso, ki ƙara faɗin zirin ya kai inci uku ko uku da rabi.

Za ki ji teloli suna cewa dole sai bayas, wato yankan da ake yi a karkace. Ba dole ba ne. Amfanin bayas shi ne yana miƙewa ya bi lanƙwasa, shi ya sa ake sa shi a wuyan riga da hammata, kuma yana daɗewa don zaren da ke kan ninkin sun gitta juna. Idan kusurwoyin bargonki zagaye kika yi su, to sai bayas. Amma ga baki miƙaƙƙe, kuma ga mai fama da lanƙwasa irin taki, yankan faɗin yadi kai tsaye ya fi sauƙin sarrafawa, ya kuma fi tattalin yadi. Bayas ɗin da ake sayarwa a nannaɗe kuwa siriri ne, falle ɗaya, na tufafi ne.

Wurin haɗa ziri da ziri, kada ki haɗa su kai da kai a miƙe, don duk kaurin zai taru wuri guda. Ki ɗora ƙarshen ɗaya a kan ɗaya a gicciye, fuska da fuska, ki ɗinka daga kusurwa zuwa kusurwa a karkace, ki rage abin da ya wuce, ki buɗe haɗin da guga. In sun zama dogon ziri guda, ki ninka shi biyu ta tsawo, fuskar yadin a waje, ki goge.

Ki fara daga tsakiyar gefe, kada ki fara daga kusurwa. Ki ɗora zirin a fuskar bargon, yankakken bakinsa daidai da yankakken bakin bargon, ki bar jela kamar inci 10 ba ki ɗinka ba. Allura lamba 16, taku mai ɗan faɗi, kuma ki ɗan sassauta kusar da ke saman kan keken wadda ke ƙara wa ƙafar danni. Ɗinkin ya bi kwatar inci daga baki. Zirin ki aza shi kawai, kada ki ja shi ko kaɗan. In kin ja, bakin zai tattare, in kin ja bargon kuma lanƙwasar ta dawo. Ki jawo kujera ko tebur ta hagunki ya ɗauki nauyin bargon, domin nauyinsa da yake rataye yana ja fiye da yadda kike zato.

Kusurwa ita ce inda ake gane gwani, amma ninki biyu ne kawai. In kin kusa, ki tsaya saura kwatar inci ki kai ƙarshe, ki ƙulle ɗinkin, ki yanke zare, ki fitar da bargon ki juya shi sabon gefen ya fuskanci keke. Ki ɗaga zirin sama, ya fita daga jikin bargon, har ya miƙe layi ɗaya da sabon gefen. Za ki ga ninki a karkace ya fito a kusurwar. Ki danne shi da yatsa, ki sauko da zirin ya kwanta a kan sabon gefen, ninkin na biyu ya tsaya daidai da bakin da kika gama. Ki fara ɗinki daga can saman ki ci gaba. Ɗan kunnen da ya tsaya a kusurwar shi ne zai buɗe ya rufe ta in kin juya. Ki gwada a kan tsumma mai kusurwa huɗu tukuna, hannu zai gane kafin ki kai ta huɗun.

In kin zagayo, ki tsaya saura kamar inci 12 ki tarar da inda kika fara. Ki kwantar da jelar biyu, ki bar ɗaya ta hau kan ɗaya da daidai faɗin zirin, wato inci biyu da rabi, ki yanke saura, ki buɗe su ki haɗa a karkace kamar sauran. In wannan ya rikice miki, ki kalmashe bakin jelar farko ki cusa ta ƙarshe a cikinta. Yana ɗan yin kauri, amma yana riƙewa.

Saura juyawa. Ki naɗa zirin ya rufe bakin ya koma baya, ninkinsa ya ɗan wuce layin ɗinkin keke ya ɓoye shi. Ki tabbata bargon tsakiya ya cika cikin zirin har ƙarshe, don bakin da babu komai a cikinsa shi ke saurin cinyewa. A kowace kusurwa ki kwantar da gefe ɗaya tukuna, sannan ki rufa ɗayan a kai, ki sa ninkin baya ya kalli akasin inda na gaba ya kalla don kaurin ya rabu. Ni da hannu na fi so a gama: zare guda mai launin zirin, tsawonsa kada ya wuce kamu ɗaya, allura ta ɗauki shafin kawai ta fito a ninkin zirin, tsakanin suka da suka bai fi kwatar inci ba, kuma kada ta ɓullo ta fuska. A kusurwa ki ƙara suka uku ko huɗu ki rufe bakin ninkin. Idan na yara ne da za a riƙa wankewa a kai a kai, to ki juya tsarin: ki fara ɗinka zirin ta baya, ki naɗo shi ta fuska, ki take da keke dab da ninkin. Layin zai fito fili, amma ya fi jure murza.

Wurin wanki kada a murɗe shi, kuma kada a rataye shi jiƙe ta baki ɗaya, nauyin ruwan zai miƙa gefen da kika sha wahalar daidaitawa. A shanya shi a kan igiya biyu, a inuwa, fuskar atamfar ta kalli ƙasa, don ranar Sakkwato ba ta barin launi.