Amsa ga mai tambaya kan aikin "somaliye" a Dubai

Ƙanina, na ga tambayarka cewa wani ejan ya yi maka tayin aikin "somaliye" a wani otal a Dubai, kana neman wanda ya san kansa. Ba ruwansa da ƙasar Somaliya, kalmar Faransanci ce. Ni na yi shekara shida ina kai abinci tebur a wani babban otal a Legas kafin na dawo ƙauyenmu kusa da Gumel, kuma kullum muna tare da mai wannan muƙami.

Somaliye shi ne masanin giyar inabi. Shi ke sayo ta, ya jera kwalabe a kwance a ɗaki mai sanyi don kada toshiyar ta bushe, ya gaya wa baƙo wadda ta dace da kifi da wadda ta dace da jan nama. Kuma dole ya ɗanɗana. Za su ce maka ai kurɓa kawai ake yi a tofar. To, ko a jarrabawar ƙoli ta Court of Master Sommeliers, ƙungiyar da ke ba masu wannan sana'a shaidar ƙwarewa, wadda aka kafa a Ingila a 1977, kofi shida ake ajiye wa mutum, cikin minti 25 ya faɗi irin inabin da ƙasar da shekarar, da ido da hanci da harshe kawai. Ka ga babu ta inda za ka zille. Hadisin Tirmizi kuwa mutum goma ya lissafa da aka la'anta kan giya, har da mai ɗauka da mai zubawa. Ka je wurin malamin unguwarku ya yi maka bayani.

Ni dai abin da ya burge ni a wurin mutumin can shi ne horon harshe, ba kwalbar ba. Ko turare ba ya fesawa ranar aiki! Irin wannan horo ana nemansa wajen shayi da gahawa, kuma otal-otal ɗin Larabawa na ɗaukar masu haɗa su. Ka ce wa ejan ɓangaren nan kake so, a rubuta shi ƙarara a takarda, don da yawa sai sun sauka suke ganin inda aka tura su.

Yanzu zoɓo nake saye, wanda ake fitarwa har Meziko. Da na tauna fure ɗaya nake gane wanda ya sha raɓa a shanya. Ranar Alhamis ina kasuwar Maigatari, ka taho da takardar ejan mu karanta tare.