Hantar ragon layya da ta ɓerayenku

Ɗana Habibu, saƙonka ya iso, kowa lafiya. Ka tambaya me ya sa ranar Babbar Sallah sai an fara gasa hanta an kai wa maigida kafin kowa ya taɓa nama. Ka kuma ce tun da ka fara aiki da hantar ɓeraye a ɗakin bincike abin yake dawo maka a rai.

Asalinsa sunna ce. Manzon Allah (SAW) ba ya cin komai ranar layya sai ya sauko daga Idi, sannan ya ci daga abin da ya yanka, wasu ruwayoyin ma sun ambaci hanta. Sai dabarar iyayenmu ta hau kai. Hanta ba ta jimirin zafi, ga saurin nuna, shi ya sa ake gamawa da kayan ciki a ranar, a rataye gangar ragon sai gobe.

Akwai dalilin da ni na fi sani, don shekarun da na yi ina duba nama a mayanka. Hanta ce ke tona asirin dabba. Ka tsaga ta, in jijiyoyin cikinta sun yi fari sun yi kauri, ka matsa, sai ka ga tsutsa mai faɗi kamar ganye ta silalo. Tsohon mahauci ba ya jiran malamin dabbobi ya faɗa masa.

Abin da ya daɗe yana ɗaure min kai shi ne kowace lafiyayyar dabba hantarta daidai jikinta take. Ta akuya ba ta taɓa mantuwa ta kai ta sa ba. Wa ke ce mata ya isa haka?

Nan ɓerayenku suka yi rana. Tun 1931 wasu masu bincike biyu, Higgins da Anderson, a Amurka suka yanke kashi biyu cikin uku na hantar manyan ɓeraye, ba a rufa mako biyu ba ta cike nauyinta. Lura fa, ɓangaren da aka cire ba ya sake tohowa, ragowar ce ke kumbura, in ta kai sai ta tsaya cak. Takunkumin da ke tsayar da ita kuwa, a jikin ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro aka fara gano shi. Ƙwayar gado ce da suka kira Hippo, wato dorina, saboda in ta lalace, sai kan ƙudan ya kumbura ya yi ninki-ninki. Aikinta riƙe wani sinadari mai suna YAP, wanda ke umartar ƙwayoyin jiki su yi ta rabuwa. A 2007, a jami'ar Johns Hopkins, ɗakin binciken Duojia Pan ya saki YAP a hantar ƙananan ɓeraye. Hantar da ke kusan kashi 5 cikin 100 na nauyin ɓera ta kai wajen kashi 25 a makonni huɗu. Da aka mayar da takunkumin, sai ta koma yadda take. Waɗanda aka bari a sake kuwa, sankara ta kama su.

Ka zo gida bana, kai za ka fiɗe ragon. Sai dai ka yi hattara da matsarmama, kada ka fasa ta kamar yadda babanka ya yi mana wata shekara, muka ci hanta mai ɗaci har yau ana yi masa tsiya.

Kawunka